Wa Ya Koya Wa Fure Magana?

 

A 'yan shekarun nan da wuya ki je biki a cikin birni, musamman wajen dina ko liyafar ƙawaye, ki ga amarya ta shigo hannu rabbana. Sai dai ki gan ta rungume da ƙunshin furanni a ƙirji kamar mai renon jariri, ga wasu an jera a kan tebur, wasu kuma an liƙa a jikin motar ango. Wasu su ce fure wasu su ce fulawa, har takan kai sai an tsaya an tambaya, ta burodi ake nufi ko ta shuka? Ni dai fure zan riƙa cewa don kada mu rikice.

Riƙon furen bai dame ni ba, ado ne, mace kuwa ba ta ƙin ado. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne fassarar da 'yan mata suka ɗora masa, suka kuma riƙe ta gam kamar karatun allo. Wai ja soyayya ce, fari tsarkin zuciya, ruwan hoda shauƙi, rawaya kuwa kishi da cin amana, har akwai masu cewa in ango ya kawo rawaya to kishiya tana kan hanya. Sai ki ga yarinya mai hankalinta ta birkita gida ana jibi ɗaurin aure, ta ƙi ci ta ƙi sha, don kawai mai kwalliyar wuri ya kawo launin da ba shi ta ce ba. Wata kuma ta tsare uwa da uba sai an yi mata odar jan fure daga waje, kuɗin da zai sayi keken ɗinki har a ba da canji, a zuba shi a abin da ba zai ga wayewar gari ba. To shi ne na ce bari mu bi sawun maganar nan mu ga inda ta fito. Shi fure dai ba baki gare shi ba. Wa ya koya masa magana?

Labarin ya faro ne daga wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Montagu. An naɗa mijinta jakadan Ingila a fadar Sarkin Santambul, suka bar gida a 1716, ta zauna a ƙasar Turkawa daga 1717 zuwa 1718. Mace ce mai shige-shige da son ganin ƙwaƙwaf, kuma zamanta mace ya ba ta abin da maza Turawa ba su taɓa samu ba, wato shiga gidajen manya har cikin ɗakunan matan kulle, ta zauna da su a ci a sha a yi hira. Duk abin da ta gani sai ta zauna ta rubuta wasiƙa gida. A wata wasiƙa ta watan Maris na 1718 ta ba wata ƙawarta labarin irin saƙon soyayyar Turkawa, wanda ba a taɓa tawada wajen rubuta shi. 'Yar jaka ce ake samu a zuba tarkace a ciki, su lu'ulu'u, da kanumfari, da fure, da sabulu, da gawayi, da kirfa, da zare, da silin gashi, da inabi, da barkono, kowanne da abin da yake nufi.

Ki lura da kyau fa, furen da ke cikin jakar bai wuce ƙwaya biyu ko uku ba, sauran duk kayan kicin ne da na ɗinki. Kuma ma'anar ba a launi take ba, ba a ƙamshi take ba. Wasa ne da kalmomi: a ɗauki sunan abin, a nemo wata 'yar magana da ƙarshenta ya yi daidai da shi a Turkanci. Bari in kwatanta miki da harshenmu, amma misalin nawa ne ba nasu ba. Kamar ki aika wa mutum kanumfari, ya gane cewa kike kai ne na fari, ko ki aika masa zare, ya gane mu zauna tare. Kin ga kuwa da zarar an bar harshen an koma wani, magana ta watse, don zare a Turanci ba ya tafiya da tare. Sunan da aka san wasan da shi a Turai shi ne selam, sallamar nan dai tamu.

Abin mamaki, matar nan ta ɗauko wani abu daga ƙasar Turkawa da ya fi wasan kanumfari amfani nesa ba kusa ba. Ta ga tsofaffin mata suna yi wa yara lambar agana, su ɗan tsaga fata su sa ruwan ƙurjin mai ciwon, yaro ya yi 'yar jinya ya miƙe, shi ke nan ciwon ba ya sake kama shi. Ita kanta agana ta ɓata mata fuska a 1715, ta kuma kashe mata ƙane kafin nan. Sai ta sa aka yi wa ɗanta lambar a 1718, aka yi wa 'yarta a Landan a 1721, wasu likitoci suka yi mata ca wai ta kwaso aikin tsofaffi. Amma ina, 'yan matan Turai labarin jakar soyayya suka fi riƙewa. Halin 'yan mata ɗaya ne ko'ina.

Ba a buga wasiƙun nata ba sai a 1763, shekara guda bayan rasuwarta, suka kuwa yi farin jini. A wancan lokaci duk abin da aka ce wa Bature daga Gabas ya fito, daga gidan sarki mai mata da ƙwaraƙwarai, to jikinsa rawa yake. Sannu a hankali sai aka zubar da gawayin da sabulun, aka riƙe furen, aka ce ai matan kullen Turkawa da fure suke zance da samarinsu a ɓoye.

A ƙarshen 1819 wani littafi ya fito a birnin Paris na Faransa, sunansa in an juya shi Harshen Furanni. Marubuciyar ta kira kanta Charlotte de Latour, sunan aro ne, masana suna ganin wata ce Louise Cortambert. Ni da nake 'yar sana'ar rubutu na san abin da ake nufi in an ce littafi ya karɓu, to wannan ya karɓu. An tsara shi wata-wata, kowane fure da ɗan labarinsa, ga hotuna masu launi, a ƙarshe kuma ga jerin ma'anoni. Aka yi ta sake buga shi, aka juya shi zuwa wasu harsunan, na Ingilishi ya fito a Landan a 1834, daga nan kowane mai ɗab'i ya ce shi ma sai ya yi nasa. Haka aka yi ta yi har 1884 da wata gwanar zane, Kate Greenaway, ta fitar da nata, wanda har gobe ana buga shi. Mafi yawan abin da 'yan matanmu ke karantowa a waya yau, jikokin littattafan nan ne.

To su daga ina suka samo ma'anonin? Daga ko'ina. Wata daga tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa, wata daga waƙoƙi, wata daga kamannin shukar, wata kuma daga kan marubucin kawai ta faɗo. Ga satar fasaha, wannan ya kwafi wancan ya ɗan canza don kada a gane, abin da mu ma marubuta muka san zafinsa. Shi ya sa bakinsu bai taɓa zuwa ɗaya ba. Ɗauki rawayan wardi, wato ros, wanda ake ta jin tsoro. Littafin Paris ya ce cin amana ne. Na Greenaway ya ce kishi ne da raguwar so. Amma yau in kika shiga shagon fure a Amurka ce miki za a yi abota ce da farin ciki, shi ake kai wa aminiya. Furen bai canza ba, ni a ganina masu sayarwa ne suka lura ba wanda zai sa kuɗinsa ya sayi cin amana. Ɗaɗɗoyar nan mai ƙamshi da ke fitowa a bayan ɗakunanmu, littattafan cewa suka yi ƙiyayya ce, alhali a Indiya 'yar uwarta tulsi a tsakar gida ake shuka ta ana girmama ta, a wasu sassan Italiya kuma alamar so ce.

Wata malamar jami'a a Amurka, Beverly Seaton, ta bi diddigin littattafan nan ta fitar da nata a 1995. Abin da ta gano shi ne babu wata hujja mai ƙarfi da ta nuna mutanen wancan zamani sun riƙa aika wa juna saƙo da fure da gaske. Littattafan kyauta ne kawai, masu bango gwanin sha'awa, a saya wa budurwa ko ƙanwa a sabuwar shekara, ta ajiye a falo baƙi su gani, in kaɗaici ya dame ta ta buɗe ta yi ta mafarki. Kin tuna littattafan koyon wasiƙar soyayya da 'yan makarantar kwana suke ɓoyewa a ƙasan akwati? To kusan haka ne.

Yanzu ta yaya fure ya shiga hannun amarya? Turawa sun daɗe suna ɗora wa amare ganyaye masu ƙamshi da zangarniyar alkama don fatan haihuwa da wadata, tun zamanin Rumawa. Amma hoton da muka sani yau, farar riga da farin mayafi da farin fure, bikin mace ɗaya ne ya kafa shi. Ran 10 ga Fabrairu 1840 Sarauniya Biktoriya ta Ingila, tana da shekara 20, ta auri ɗan kawunta Yarima Albat na Jamus. Auren zumunci, kin ga ashe ba mu kaɗai ba ne. Kafin nan amarya takan sa duk launin da ta ga dama, 'yar sarauta ta sa mai ruwan azurfa ko zinare, 'yar talaka ta sa wadda ta fi kyau a cikin kayanta. Biktoriya sai ta fito da farar riga, kuma maimakon kambun sarauta mai duwatsu sai ta ɗora kambun furen lemo a kanta. Ba ita ta fara sa fari ba, amma ita ce sarauniya, aka zana hoton aka baza, duniya ta ɗauka.

Me ya sa furen lemo? Duk wadda ta taɓa ratsa lambun lemo lokacin da yake fure ba sai an gaya mata ba. Fari ne tas, ga ƙamshi mai kwantar da rai, sannan itacen yana da wata baiwa, za ki ga fure da 'ya'ya a jikinsa lokaci guda, shi ya sa aka ɗauke shi alamar budurci da haihuwa a haɗe. Larabawa ne suka kai itacen lemo mai ɗaci Andalus, har yau kuma a Maroko ruwan furensa ake yayyafa wa baƙi a wajen biki. Shi Albat da ya ga tana son furen, sai ya riƙa sa maƙera suna yi mata irinsa da zinare da farin tangaran, yana ba ta kaɗan-kaɗan daga 1839 har 1846. Na 1846 kambu ne, ya sa aka maƙala masa 'yan ƙananan lemo kore guda huɗu, madadin yara huɗun da suke da su a lokacin, ita kuma ta riƙa sa shi ranar zagayowar aurensu. Wallahi wannan ya fi min duk jerin ma'anonin Paris, don namiji ne ya tsaya ya lura da abin da matarsa take so. 'Ya'ya tara suka haifa. Ya rasu a 1861 yana da shekara 42, ta shiga baƙaƙen kaya ba ta sake fita ba har ta bi shi a 1901, ta kuma bar wasiyya a binne ta da mayafin aurenta.

Bayan bikin nan amaren Ingila da Amurka kowacce ta ce sai furen lemo. Matsalar ita ce lemo ba ya shiri da sanyin Ingila, sai a ɗakin gilashi na masu hannu da shuni. To me 'ya'yan talakawa suka yi? Suka koma na kakin zuma, a ƙera shi da hannu, a sa a biki, a adana, gobe ƙanwa ma ta ara. Don haka ke da kika riƙe furen roba, kada wata ta yi miki kallon banza. Turawan da ake kwaikwayo ma na kaki kakanninsu suka sa.

Amma labarin da na fi so duk a cikin tarihin nan na wani ɗan reshe ne. A 1845 Biktoriya ta raka mijinta ganin gida a Jamus. A garin Gotha kakar Albat ta miƙa mata ɗan ƙunshin fure, a ciki akwai reshen wata shuka da suke kira matil, mai ƙananan ganye masu ƙamshi da ɗan farin fure, ba ta kaɗe ganye rani da damina, amaren Jamus kuma sun daɗe suna ado da ita. Maimakon a bari ya bushe a share shi da shara, sai aka dasa reshen a gidansu na Osborne da ke wani tsibiri a kudancin Ingila. Ya kuwa kama. Bayan shekara 13, a Janairun 1858, da babbar 'yarsu ta tashi aure, sai aka je aka yanko daga jikin shukar aka sa mata a nata ƙunshin. Daga nan abin ya zama al'adar gidan. Catherine da ta auri Yarima William a 2011 akwai reshen matil na Osborne a hannunta, haka Meghan da ta auri ƙanensa Harry a 2018. Lissafa ki gani, daga 1845 zuwa 2018 shekara 173 ke nan, tsohuwa ta daɗe da zama ƙasa amma kyautarta tana zuwa biki.

Mutanen da za su iya sayen lambu sukutum, ga abin da suke taƙama da shi, reshen da in a kasuwa ne ko kwabo ba zai yi ba. Ita Meghan har da wani ɗan mitsitsin fure aka sa mata wanda Turawa ke kira kada-ka-manta-da-ni, don shi marigayiya Diana, uwar ango, ta fi so, kuma angon da kansa ya shiga lambun gidansu ana gobe biki ya tsinko wasu daga cikin furannin. Akwai kuma abin da ya faru a Afrilun 1923. Elizabeth, wadda daga baya ta haifi Sarauniya Elizabeth ta biyu, ta zo shiga cocin Westminster ranar aurenta, sai ta tsaya ta ajiye furenta a kan kabarin wani soja da ba a san sunansa ba, wanda aka binne daga bakin ƙofa don tunawa da waɗanda Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci. Yayanta Fergus a yaƙin ya mutu a 1915. Haka ta ƙarasa ciki hannu wofi. Tun daga ranar amaren gidan suke aika furensu kan kabarin bayan biki. Ba littafin da ya ce a yi haka, ƙanwa ce ta tuna da yayanta a ranar farin cikinta.

Mu kuwa, in za mu faɗi tsakaninmu da Allah, ba daga Ingila muka fara ganin fure a soyayya ba, daga fim ɗin Indiya ne. Tun shekarun 1960 gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos suke nuna su, daga baya bidiyo ya kawo mana su har ɗaka. Can muka ga saurayi yana bin budurwa a guje cikin lambu, in abin ya zo inda kunya ba za ta bari a nuna ba sai a haska furanni biyu suna gogar juna. Can muka ga ango da amarya suna rataya wa juna sarƙar fure a wuya, amarya ta cika gashinta da farin yasmin. To furen da ya fi yawa a bikin Indiya, wanda ake jerawa labule-labule tun daga ƙofar gida har rumfar ɗaurin aure, wane launi ne? Rawaya da ruwan goro! Genda suke ce masa. Shi da danginsa a littafin Greenaway baƙin ciki da kishi aka ba su. Asalinsa ma ba ɗan Indiya ba ne, daga Meksiko yake, Turawan Fotugal suka kai shi can a ƙarni na 16. A Meksiko kuwa furen matattu ne, ran 1 da 2 ga Nuwamba da shi ake lulluɓe kaburbura, suna cewa wai launinsa da ƙamshinsa ne ke nuna wa mamata hanyar gida. Fure ɗaya fa, a nan maƙabarta, a can ɗakin amarya, a littafin Landan kishi. Wanne za ki ɗauka?

Irin wannan da yawa. Akwai wani da ake kira kirisantimam, a Faransa da Italiya na kai wa kabari ne, in kika kai wa mai jego sai an yi miki kallon mai taɓin hankali, amma a Japan tambarin gidan sarauta ne, yana nan a bangon fasfonsu. A ƙasar Sin fari na makoki ne, ja ne launin amarya. A Rasha ƙirga suke yi, uku da biyar da bakwai na murna ne, biyu da huɗu da shida na gawa ne.

Wani masani Bature, Jack Goody, wanda ya daɗe yana bincike a arewacin Ghana, ya rubuta littafi a 1993 a kan al'adar fure a duniya, kuma tambayar da ya fara da ita ita ce me ya sa mutanen Afirka ta kudu da Sahara ba su damu da shuka fure don ado ko kyauta ba. Da gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Bahaushe in ya ga fure a gona 'ya'ya yake jira, furen kabewa, furen wake, furen kuɓewa, duk alƙawarin tukunya ne, wanda ya tsinke shi ɓarna ya yi. Amma a ce ba mu da fure a adon mata, a nan kam na ja. Je ki tambayi kakarki me ake nufi da fure a zamaninsu, za ta ce miki furen taba. Shi 'yan mata da amare suke gogawa a haƙora tare da goro, haƙora su yi jawur, a buɗe baki a yi murmushi gari ya ɗauka. A kasuwa ake sayar da shi, kuma goro da fure suna cikin abin da ake kai wa mace kyauta. Ado ne da ya wuce, ba kuma cewa nake a dawo da shi ba, likitan haƙori ba zai yafe min ba.

Sannan ga lalle. Mun san ganyensa, mun san kamu da sa lalle da wankan amarya, amma mu nawa ne muka taɓa tsayawa muka shinshina furensa? 'Yan ƙanana ne, farare zuwa ruwan madara, a cure wuri guda, ƙamshinsu kuwa da yamma cika tsakar gida yake. A Indiya har turare ake tatsa daga jikinsa. Mu tamu hanyar ta hanci ce, turaren wuta da humra, waɗanda 'yan uwanmu na Barno suka fi kowa iyawa. Ko wardin ma a kwalba muka fara saninsa, a jakar alhazai. A Ɗa'ifa ake noma shi, kan duwatsun da ke kusa da Makka, ana tsinkarsa da sassafe a 'yan makonni cikin Maris da Afrilu kafin rana ta kwashe ƙamshin, sai an dafa dubban furanni kafin a sami 'yar kwalba guda, kuma ruwansa ake haɗawa da zamzam a wanke cikin ɗakin Ka'aba. Amaryar da aka tsuma da humra mai wardi ta fi mai riƙe da ros ashirin ɗaukar fure a jikinta, ba ta dai sani ba ne.

To ke mai shirin biki, in kin ce lallai sai kin riƙe fure, ba laifi. Abin da za ki fara tambaya shi ne daga ina ya zo, kuma awa nawa zai yi a zafin garinmu. Da yawan ros ɗin da ake yi wa oda a Kenya da Habasha ake noma shi, a wurare masu tudu da sanyi irin gefen tafkin Naivasha, a yanka a sa a ɗakin sanyi, jirgi ya kwashe, wani ma sai ya biya ta babbar kasuwar fure ta Aalsmeer a Holan kafin ya bazu duniya. Abin da ya rayu a cikin sanyi tun daga gona, kika fito da shi a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, ga wuta ba tabbas, ai kafin a gama hotuna ya sunkuyar da kai kamar shi ne amaryar. Kuɗin jirgi da na firji kika biya. In bikin ya faɗo a Disamba ko Janairu da ɗan sauƙi, sai dai iskar hunturu ita ma busar da shi take. Na Jos ya fi kusa, bai kuma sha doguwar tafiya ba.

In an kawo, a sake yanke gindin a karkace da wuƙa mai kaifi, a cire duk ganyen da zai nutse, a tsoma a ruwa mai tsabta a ɗakin da ya fi sanyi, ko a gindin randa in babu na'ura. Kada a ajiye shi kusa da nunanniyar ayaba ko mangwaro, suna fitar da wata iska da ke sa fure saurin tsufa. Kada kuma a fito da shi sai mota ta zo. Ki yi hattara da aiken yara su tsinko miki na bakin titi ko na harabar ofisoshi. Akwai wani mai dogayen siraran ganye da fure ruwan hoda, Turawa na ce masa oliyanda, daga ganyen har furen guba ne, gidan biki kuwa cike yake da yara masu kai komai baki. Tumfafiya ma furenta gwanin kyau, amma nononta in ya shiga ido sai asibiti.

Maganar launi kuwa, dubi kayanki. Leshi ne, atamfa ce, lafaya ce, wanda ya hau da ɗinkin shi ne naki. In rawaya ce ta dace, riƙe rawayarki hankali kwance, kishiya in tana tafe ba fure ne ya kira ta ba, ja ma ba zai tare ta a ƙofa ba. Ƙarami ya fi, kada ƙunshin fure ya rufe ƙunshin lallen da aka wuni ana yi miki a hannu. In mai ƙamshi ne sosai, ki tuna kin riga kin sha humra da turaren wuta, kada su haɗu su sa ki atishawa a gaban dangin miji.

In kuma akwai wata shuka a gidanku da kika buɗe ido kika gani, lallen da kakarki ta dasa a bayan ɗaki, ko yasmin ɗin da mahaifiyarki take ba ruwa kullum, ko lemon tsakar gida, ki sa a yanko miki ɗan reshe a cusa a tsakiyar ƙunshin, ko da sauran na roba ne. Lalle yana kamawa daga reshe. A zaɓi wanda ya ƙosa, mai kaurin fensir, tsawonsa kamar taƙi guda, a yanke shi ranar bikin don kada ya bushe, washegari a soke rabinsa a ƙasa mai laima a wuri mai inuwa, a riƙa ba shi ruwa, a kuma kare shi daga awaki. In gidan haya za a kai ki, tsohon bokiti ma ya isa, sai dai a huda gindinsa.